Filin Lafiyar Yara: Yaron da ƙara ke kora daga cikin 'yan'uwansa

Wasiƙun wannan fitowar daga Zariya da kewaye suka zo, kuma kusan duk a kan abu guda suke: yaran da ƙara ko taɓi ko abinci ke damunsu fiye da kima, da waɗanda kuma ba sa jin waɗannan abubuwa yadda ya kamata, har abin ya shafi zamansu da sauran yara. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 4. In an tayar da injin markaɗe a maƙwabta ko janareto, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu har ya shige ƙarƙashin gado. Gidan biki ko suna ba ma daɗewa. Da muka je kallon hawan sallah, 'yan bindiga na sakin harbi ya saki fitsari a wando. Yanzu ko yaran gida ne suka taru a tsakar gida sai ya koma ɗaki. Yana magana sarai, yana da wayo. Dangin babansa sun ce ni na sangarta shi. (Wata uwa, Gyallesu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kukan sangarta yana da alama: yaro na kuka yana satar kallonki, da an ba shi abin da yake so ya yi shiru. Wanda ƙara ta fi ƙarfinsa hanyar tsira kawai yake nema, kuma ko an kashe injin sai ya ɗauki lokaci kafin ya dawo hayyacinsa. Abin da kika bayyana irin na biyun ne.

Kunne da ido da hanci da harshe da fata ba sa daina aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Bayan su akwai ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne, wanda ke gaya wa mutum yana tsaye ko yana juyawa, akwai kuma jin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi, wanda ke sa ki kai loma baki ko a duhu. Aikin ƙwaƙwalwa ta tankaɗe wannan duka kamar rariya, ta bar mai amfani ya wuce ta tare saura. A wasu yaran rariyar tana barin komai ya wuce, sai ƙarar da mu ba ma ko lura da ita ta zame musu ciwo. A wasu kuma kaɗan ne ke wucewa, irin yaron da za mu zo kansa a tambaya ta gaba.

Komawarsa ɗaki ta fi toshe kunnen damunmu. Zama da mutane da yi ake koyonsa. Ɗan shekara 2 yana wasa kusa da wani yaro, kowa da nasa. A shekara 3 yana shiga cikinsu. A shekara 4 sai wasan kwaikwayo, wannan direba wancan kwandasta, kuma a nan ake koyon jiran layi, da rabon abin wasa, da gane fuskar wanda ya ji haushi, da faɗa da shiryawa. Duk yammacin da ɗanki ya yi a ɗaki ya rasa wannan karatun, yaran kuma suna sabawa da rashinsa har su daina kiransa.

Ki fara da littafi da biro na sati biyu. Duk lokacin da abin ya taso ki rubuta ƙarfe nawa, me ya faru dab da nan, me ya yi, da minti nawa ya ɗauka kafin ya natsu. Sau da yawa za a ga abin ya fi tsanani in yana jin yunwa, ko barci bai ishe shi ba, ko bayan an taso daga makaranta, kuma za a ga ƙarar da ta zo bagatatan ta fi wadda aka sanar da shi zafi. To sai a riƙa sanar da shi. Kafin a tayar da janareto a ce masa saura minti biyu, a bar shi ya je inda yake so, in ya yarda ma shi zai ƙirga ɗaya, biyu, uku a ja igiya. Ki ware masa lungu guda a ɗaki da tabarma da filo, wurin da ba mai binsa da faɗa in ya shiga, ki koya masa ya ce "ƙara ta yi yawa" maimakon ihu.

Sai horon kunne. Ki ɗauki ƙarar injin markaɗen a waya, ki rage sautin zuwa ƙasa ƙwarai, ki ba shi wayar ya riƙe, shi ke kunnawa shi ke kashewa, minti biyu zuwa uku a rana, yana cikin wasan da yake so. In ya yi kwana uku bai damu ba, ki ƙara sautin mataki ɗaya. In ya firgita, a koma matakin baya. Daga nan sai injin gaske daga nesa, a riƙa matsowa. Sirrin shi ne ikon na hannunsa. Abin da ke ɓata aikin shi ne a kama yaro a riƙe shi kusa da injin wai don ya saba. Ba ya sabawa, sai ma tsoron ya haɗa da wurin da wanda ya riƙe shi. Ɗaya kuskuren kuma a daina fita da shi ko'ina.

Abin rufe kunne mai kama da na sauraron rediyo, irin wanda masu aikin injina ke sawa, yana da amfani a gidan biki da kasuwa da filin hawa. Amma na wannan lokacin ne kawai. In ya wuni da shi kullum, kunnen ƙara kasa jure ƙara zai yi. Kada a cusa masa auduga ko takarda. (Harbin bindiga a kusa da zama gaban lasifikar biki suna yi wa kunnen kowane yaro lahani, ba naki kaɗai ba. Ƙarar da ta wuce desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana lalata ji in an daɗe a cikinta.)

Wajen abokai kuwa, kada ki tura shi cikin taron yara goma. Ki zaɓi yaro ɗaya mai sanyin hali, ki gayyato shi bayan ɗanki ya ci ya huta, su yi wasa mai tsari na minti 15 zuwa 20: ginin ƙasa, motar kara, jera marafan kwalba. Ki zauna kusa, ki tsayar da wasan tun yana daɗi, kada ki jira sai an yi kuka. In hakan ya zauna, a tsawaita lokacin, sannan a ƙaro yaro na biyu. Gidan biki ku je da wuri kafin a kunna kiɗa, ku zauna nesa da lasifika, ya gaida mutane, ku yi rabin awa ku tafi. A kuma duba masa kunne a asibiti, don ciwon kunne kan sa yaro ƙin ƙara.

Tambaya: Nawa yaron akasin na mutane ne. Shekararsa 5, ba ya zama, daga kan katanga yake dirowa, in ya rungumi yaro sai ya kayar da shi, yana cizo, yana tauna wuyan rigarsa. Ya faɗi ya fasa gwiwa ko kuka bai yi ba. Iyaye a layinmu sun hana 'ya'yansu wasa da shi. Na yi dukan har na gaji. (Wani uba, Samaru)

Amsa: Malam, ka ajiye bulalar. Yaron da bai ji fashewar gwiwa ba, dukan da zai ji sai wanda zai yi masa rauni, kuma abin da zai ɗauka daga ciki shi ne mai ƙarfi yana dukan na ƙasa da shi. Mai yiwuwa saƙon tsoka da gaɓoɓi ba ya isa ƙwaƙwalwarsa sosai, shi ya sa yake neman matsa da karo da tsalle, bai kuma san ƙarfin hannunsa ba. Rungumar da ta kayar da yaron maƙwabta, a wurinsa gaisuwa ce.

A ba jikin abin da yake nema kafin ya nema a jikin mutane. Aikin ƙarfi na minti 10 zuwa 15 kafin makarantar boko, kafin Islamiyya, da kafin ya fita wasa: ɗebo ruwa a ƙaramin galan mai lita biyu, daka da ƙaramar taɓarya, matse wanki, tura baro, gara taya, jan igiya da kai ko yayyensa, langa. Jakar makarantarsa kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Ɗan shekara 5 yakan kai kilo 18, ka ga jakar ba za ta kai kilo biyu ba. Lilo na gaba da baya a hankali yana kwantar da jiki, juyi kuwa tayar da shi yake yi, don haka kada a juya shi dab da barci, kuma in ka ga ya yi gumi ko jiri ko tashin zuciya a tsaya nan take. Mai farfaɗiya ko sikila a tambayi likitansa kafin a sa shi irin waɗannan. Taunar riga a musanya ta da rake ko karas ko ƙilishi, yana zaune, babba na kusa.

Sai ka koya masa auna ƙarfi, don ba zai gane da kansa ba. Ba shi tumatir nunanne ya riƙe ba tare da ya fasa ba, sannan ba shi dutse ya matsa iya ƙarfinsa, ka ce masa hannun yara irin riƙon tumatir ake yi masa. Doka ɗaya tak a lokaci guda: ba runguma sai an tambaya, in ba haka ba musafaha. Ku gwada a gida kai da shi, ka yaba masa a take in ya yi daidai. In ya yi cizo, a ɗauke shi daga wasan na minti biyar ba tare da dogon surutu ba, a kula da wanda aka ciza a gabansa, sannan a maido shi.

Tunda ba ya kawo ƙarar ciwo, a duba jikinsa kowane dare wajen wanka: tafin ƙafa saboda ƙaya da ƙusa, baki da haƙora, da alamar ƙuna. A yi hattara da murhu da ruwan zafi. Ka riƙa ƙirga sau nawa ya yi cizo ko ture a sati. In sati shida ba a ga ragi ba, ko malaminsa ya ce ba ya iya bin karatu ko kaɗan, a kai shi likitan yara ya duba ko akwai lalurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda ke yawan zuwa tare da wannan.

Tambaya: Jikata ce, shekararta 3 da rabi. Ranar kitso sai mutum biyu sun danne ta. Wanka yaƙi ne. Shaddar sallah da leshi ta ƙi sawa. Abinci kuwa sai busasshe, biskit da ƙosai da ƙanzo. In ta ga miyar kuɓewa sai yunƙurin amai. Ba ta zama cin abinci da sauran jikoki. Uwarta tana yi mata ɗura. (Wata kaka, Ƙofar Doka)

Amsa: Hajiya Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Ɗurar nan a daina ta yau. In aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa kunu yana kuka, kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya jawo ciwon huhu ko shaƙewa. Ko an tsira daga wannan, yarinyar za ta ɗauki abinci a matsayin abin tsoro.

Kafin a ce fatarta ce ke jin taɓi fiye da kima, a duba kan ko akwai makero ko kwarkwata, a duba jikin ko akwai ƙazuwa ko bushewar fata, musamman da hunturu. In babu, ga ƙa'idar da za ki riƙe: shafa sama-sama da taɓin da ya zo ta baya ba zato su ne ke tayar da irin waɗannan yara, riƙo mai ɗan ƙarfi da tafin hannu gaba ɗaya kuwa sun fi jure shi. A zo mata ta gaba, a faɗi inda za a taɓa. Kitso a yi manyan kalba huɗu zuwa shida, ba ƙanana masu jan fata ba. A jiƙa gashin da ruwa da man kaɗanya, a fara tajewa daga ƙarshensa ana riƙe da gindin, a raba aikin biyu, rabi da safe rabi da yamma, ta riƙe madubi tana gani. Wanka a ajiye soso a ɗauki tsumma mai laushi, ana dannawa maimakon gogewa, ita za ta zuba wa kanta ruwa da kofi, fuska da kai su zo ƙarshe, sannan a naɗe ta da tawul tamau. Sabon kaya a wanke shi har sitacin ya fita, a yanke takardar wuya, a sa mata singiletin auduga a ciki, ta riƙa gwada shi na minti goma a gida tun sati guda kafin sallah.

Yauƙi da abinci mai gauraye su ne suka fi ba su wahala. A bi shi hawa-hawa: yau miyar tana ɗan kwano a gefenta ba a ce ta ci ba, gobe ta taɓa da cokali, sannan da yatsa, sannan ta shinshina, ta lasa, ta ɗanɗana da izinin tofarwa. Sabon abinci kan buƙaci a gabatar da shi sau 10 zuwa 15 kafin yaro ya karɓa, kuma irin jikarki na iya wuce haka. A fara da maƙwabcin abin da take ci: daga ƙosai zuwa awara soyayya, zuwa dankali soyayye, zuwa alala. Kowane ci a haɗa da abu ɗaya da aka san za ta ci. Zaman cin kuwa kada ta rasa shi, don a nan yara ke hira da koyon ladabi. A ba ta nata kwanon, amma a tabarma ɗaya da 'yan'uwanta.

A kai ta awo. In nauyinta ya tsaya ko yana raguwa, ko tana tari da shaƙewa wajen haɗiya, ko abincin da take yarda da shi kullum raguwa yake, ko tana cin ƙasa da gawayi, to sai likita. Na ƙarshen nan yakan zo da ƙarancin jini.

Tambaya: Akwai ɗalibina ɗan shekara 6 da ke kuka ko ya fice duk lokacin da aji ya ɗauki karatu baki ɗaya, alhali in ni da shi ne yana biyawa daidai. (Malamin Islamiyya, Tudun Jukun)

Amsa: Allah gafarta Malam, ka riga ka gano rabin maganin. A zaunar da shi a gefen sahu kusa da ƙofa ko taga, inda ba za a matse shi ta ko'ina ba. A karɓi haddarsa kafin aji ya cika ko bayan an tashi. A ba shi izinin fita na minti biyar in ya ɗaga hannu, ko a aike shi ɗebo ruwa kafin kukan ya zo. A fara da shi a karatun taro na minti biyar, ana ƙarawa sati-sati. A haɗa shi da ɗalibi ɗaya natsattse su riƙa biyawa tare, kuma a tsawata wa masu tsokanarsa, don da zarar aji ya gane ihu na sa shi kuka, sun sami abin wasa.

Tambaya: 'Yata shekararta 2 da wata uku. Ba ta juyowa in an kira sunanta, amma ƙarar fanka na sa ta kuka. Ba ta faɗin ko kalma ɗaya, ba ta kallon ido, sai jera takalma da kaɗa hannu. An ce shafar aljanu ce, wasu sun ce jinkirin baki gadon gidansu ne. (Wata uwa, Sabon Gari)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba ta jira ba ce. Alamomin da likitocin yara ke ɗauka da muhimmanci su ne: yaro bai fara gwalan-gwalan ko nuni da ɗaga hannu ba a wata 12, ba kalma ko ɗaya a wata 16, ba ya haɗa kalma biyu a wata 24, ko ya rasa maganar da ya riga ya iya. 'Yarki ta shiga ciki.

Abu na farko gwajin ji, na asibiti da na'ura, ba tafi a bayan kunne ba, don yaro na iya jin ƙara mai ƙarfi amma bai ji magana ba. Ki gaya wa likita in ta taɓa yin shawara tana jaririya, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunne mai zubar da ruwa, duk suna taɓa ji. Na biyu a duba ta game da otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi ya sa yawan jin ƙara da taɓi, ko ƙarancinsa, cikin alamominsa. Ba kowane yaro mai toshe kunne ke da shi ba. Ɗan Hajiyar Gyallesu, alal misali, yana magana yana hira. Amma in abin ya haɗu da rashin amsa suna, da rashin nuna miki abu da yatsa don ki gani, da maimaita motsi ɗaya, dole a bincika.

Ki fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau a cikin birni, su za su tura ki inda ya dace. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ki tafi da katin rigakafinta da gajeren bidiyo biyu ko uku na abin da take yi a gida, don yaro ba lallai ya nuna halinsa a gaban likita ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma hayaƙi a ɗaki rufe, da tsaga, da duka wai don a fitar da wani abu, cutarwa ce kawai.

Kafin ranar ganin likita, ki riƙa zama a ƙasa daidai fuskarta na minti goma sau uku a rana, waya da talabijin a kashe. Ki shiga abin da take yi: tana jera takalma, ki miƙa mata ɗaya ki ce "takalmi", ki dakata ki ga ko za ta dube ki. In tana son ruwa, ki riƙe kofin kusa da fuskarki na ɗan lokaci kafin ki ba ta. Kalma ɗaya ko biyu a lokaci guda sun ishe ta.

Tambaya: Na ga ana tallar magani da bargo mai nauyi a Facebook, wai suna warkar da wannan matsala. In saya? (Wani uba, Wusasa)

Amsa: Kada ka saya, Malam. Babu ƙwaya ko garin magani da aka tabbatar yana gyara yadda ƙwaƙwalwa ke tace saƙon ji. Bargo mai nauyi kuwa haɗari ne ga jariri da duk yaron da ba zai iya yaye shi da kansa ba. Hanyar horon da wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, ta shimfiɗa don irin waɗannan yara wajen shekarun 1970 tana nan ana amfani da ita, sai dai a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja hankali cewa hujjar amfaninta taƙaitacciya ce, kuma kada a tsaya a kan matsalar tace saƙon kaɗai ba a nemi abin da ke tare da ita ba, kamar otizim ko rashin natsuwa ko yawan fargaba. In za ka biya wani ya yi wa yaro horo, ka tambaye shi rajistarsa da hukumar MRTB mai yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista a Nijeriya. Ku amince a kan buri guda da za a iya gani, kamar ya zauna cin abinci da 'yan'uwansa na minti goma, ku sa wa'adin wata biyu zuwa uku, sannan ku zauna ku duba ko an samu.